Babi na Biyar: Ana Kukan Yunwa, Ina Zancen Ƙiba?

Tambaya ce da kowane mai hankali daga cikin mutanen gabashin Sakkwato zai iya yi, kuma babu mai ganin laifinsa: a ƙasar da uwa take goya ɗanta daga Kurawa ko Gatawa ko Turba ta nufi asibiti don a zagaya masa ɗan zaren awo a damtse a ga ko tamowa ta kama shi, a ƙasar da manomi ba ya isa gonarsa ta nesa sai zuciyarsa na dar-dar, mene ne dalilin da zai sa masana daga jami'o'i da ƙasashe daban-daban su haɗa kai suna bahasi a kan ƙiba da yadda hukuma za ta yi rigakafinta? Ashe ƙiba ba larurar masu ƙoshi ba ce, ta alhazan birni da matansu, waɗanda mota ke ɗauka daga ƙofar gida ta sauke su a ƙofar ofis?

Jawabin a taƙaice shi ne, ramar yaro da ƙibar babba, duk da yake ido yana ganinsu kamar kishiyoyi, sau da yawa sababinsu ɗaya ne, kuma ta farkon tana share wa ta biyun hanya. Amma da yake magana irin wannan ba ta karɓuwa sai da hujja, bari mu bi ta daki-daki.

Abin da ma'auni ya nuna

A shekarar 2018 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta aika ma'aikatanta gida-gida a duk jihohin Nijeriya, suka auna tsawo da nauyin yara da mata, sai aka samu cewa a cikin kowane yaro ɗari da bai kai shekara biyar ba, 37 sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Jihar Sakkwato kuwa abin ya haura rabi. Wannan ba zai ba mutumin Isa ko Sabon Birni mamaki ba, balle da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta zo a 2022 ta ce Sakkwato ce kan gaba a talauci mai fuskoki da yawa, inda kimanin mutum tara cikin goma suke cikinsa. Abin da zai ba shi mamaki shi ne, wancan awo na 2018 ɗin dai ya nuna cewa a cikin matan ƙasar nan 'yan shekara 15 zuwa 49, kashi 28 cikin ɗari nauyinsu ya wuce kima, alhali kuwa ramammu kashi 12 ne kawai.

Yadda ake gane wuce kimar ba shi da wuya. Ana riɓa tsawon mutum da kansa, sannan a raba nauyinsa da abin da ya fito. Matar da tsawonta ya kai mita 1.6, in ta kai kilo 64 lissafinta ya kai 25, wanda shi ne bakin iyaka. In ta kai kilo 77 ya kai 30, wadda ita ce ƙibar da likitoci suke lissafawa cikin cututtuka, saboda hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa da suke biye da ita.

Lalle ne masu ƙibar sun fi yawa a birane da kudancin ƙasa, kuma wanda ya ce ƙauyukan Gobir sun cika da masu teɓa ya yi ƙarya. Sai dai akwai wani bincike da likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka yi tare da takwarorinsu, wanda ya isa ishara: sun gwada jinin Fulanin karkara a Jihar Sakkwato, masu ciwon suga ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, suka gwada na Fulanin da suka zauna cikin birni, sai ga shi sun doshi biyar cikin ɗari. Jini ɗaya, asali ɗaya, addini ɗaya. Abin da ya bambanta su kawai shi ne abin da ke cikin akushi da yawan tafiyar ƙafa.

Yunwar ciki ba ta mantuwa

A hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu yake gab da ƙarewa, Jamusawa sun tsare hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar Holan, mutane suka shiga matsananciyar yunwa ta 'yan watanni, sannan aka buɗe hanya abinci ya wadata. Da yake mutanen ƙasar ma'abota ajiye rubutu ne, bayan shekaru sai masana suka bi sawun jariran da suke cikin uwayensu a lokacin, suka tarar cewa waɗanda yunwar ta riska a farkon watannin ciki sun fi 'yan'uwansu ƙiba da suka zama samari, daga baya kuma aka ga ciwon suga da na zuciya sun fi yawa a cikin waɗanda suka sha wannan yunwa tun suna ciki. A Ingila ma wani likita, David Barker, ya tono tsofaffin rajistocin da ungozomomi suka rubuta nauyin jarirai a ciki, ya gano cewa waɗanda aka haifa 'yan firit sun fi mutuwa da ciwon zuciya a lokacin tsufa.

Wani zai ce ai wannan labarin Turawa ne. To, ga namu na gida. A 2009 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Inugu suka haɗa gwiwa da masana daga Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin, suka shiga kasuwannin Inugu suka auna mutum fiye da 1,300 waɗanda aka haifa kafin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da lokacinsa, da bayansa. Waɗanda aka haifa a tsakiyar yunwar Biyafara, da suka kai kimanin shekara arba'in, sun fi sauran hawan jini, sun fi su rikicewar suga a jini, sun kuma fi su nauyin da ya wuce kima.

Bayanin da masana suke yi wa wannan al'amari yana da sauƙin fahimta ga duk wanda ya san halin maigidan da ya taɓa ganin shekarar fari: ko bayan damina ta yi albarka, ba ya sakin hannu, duk abin da ya shigo sai ya tura rumbu, domin zuciyarsa ta riga ta yanke cewa duniya wurin ƙaranci ce. Haka jikin da aka gina cikin yunwa yake, ƙodarsa da tsokarsa da sauran kayan cikinsa sun ginu bisa tsimi, saboda haka ranar da maiƙo da zaƙi suka yawaita gare shi sai ya kama tarawa fiye da yadda zai iya ɗauka. In mun fahimci wannan, sai mu tuna cewa ƙasar Gobir, ta wannan gefen iyakar Nijeriya da Nijar da ta wancan, ta ga farin 1973 da na 1984, kuma 'ya'yan da aka haifa a waɗannan shekaru su ne dattawan da suke riƙe da gidaje yau. Sannan mu dubi yaran da ake auna wa damtse yanzu, mu ƙiyasta abin da ke jiransu nan da shekara talatin in sun bar ƙauye sun zauna a Sakkwato ko Kano ko Ikko.

Akushi ya sauya

Abincin Bagobiri na asali, in ya samu ya wadata, ba abin rainawa ba ne ko a mizanin likitocin zamani: furar gero da nono, tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa da aka ƙamsasa da daddawar kalwa, wake, kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, da kifin gulbi ga waɗanda suke kusa da Rima. Illarsa ɗaya ce, ba ya kai shekara. Da marka ta yi, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, ga zazzaɓin cizon sauro ya taso, a nan ne yara suke zubewa.

Abin da rashin tsaro ya yi wa wannan yanki shi ne ya tsawaita wannan lokaci na ƙunci, ya kuma raba mutane da tushen abincinsu. Shanun da suke ba da nono an kore su, gonakin nesa sun koma saura, kuma tun 2019 dubban mutanen Sabon Birni da Isa da maƙwabtansu suka tsallaka zuwa yankin Gidan Rumji na Jihar Maraɗi ta Nijar, wasu kuma suka taru a manyan garuruwa. Wanda ya bar noma ya koma saye, dole ne ya nemi abin da zai cika ciki da kuɗi kaɗan, ya kuma dahu da itace kaɗan; shi ya sa taliyar leda da garin rogo da farar shinkafa da burodi suke ture gero, dunƙulen miya mai gishiri yake ture daddawa, shayi mai cokali huɗu na sukari yake zama karin kumallo. Irin wannan cima tana kashe yunwa, ba ta gina jiki. A gida ɗaya sai ka iske yaro ya tsumbure don rashin abin da ke ƙara jini da gina ƙashi, uwarsa kuwa jikinta ya buɗe, ga ta kuma da ƙarancin jini.

Sai kuma a haɗa da al'ada, wadda ba ta kallon ƙiba a matsayin ciwo. Ana yabon amarya da cewa ta yi ɓulɓul, ana yi wa maigida shaidar samu da girman tumbi, har ta kai wasu 'yan mata suna sayen ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe ba tare da iznin likita ba, alhali wasunsu kumburi suke sa wa da tara ruwa, su kuma ja wa mai sha hawan jini da ciwon suga. Jama'ar da ta daɗe tana binne ramammu ba za a yi mamakinta ba in ta ɗauki cikar jiki alamar lafiya. Amma uzurin da za a yi mata ba zai hana ciwon aikinsa ba.

Dalilin haɗa kai

Mas'ala mai rassa irin wannan ta fi ƙarfin masani ɗaya, komai zurfin iliminsa. Likita ya san abin da suga yake yi wa jijiya, amma bai san dalilin da ya sa tiyar gero ta yi tsada a kasuwar Sabon Birni ba. Malamin gona ya san irin da ke jure fari, amma bai san ko mata za su yarda da furarsa ba. Masanin tattalin arziki ya iya lissafin haraji, amma ba shi ne zai shiga cikin gida ya ga wa ake fara zuba wa abinci ba. Da haka ne aikin ya zama na gayya. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hannu a kansa a 2024, wanda ya ce masu ƙiba a duniya sun haura biliyan ɗaya a 2022, masana fiye da 1,500 ne suka tara awon da aka gina shi a kai. A gida kuma, binciken cimar 'yan Nijeriya na 2021 ma'aikatun lafiya da na gona na tarayya ne suka yi shi tare da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan.

Misali mafi kusa da mu yana tsallaken iyaka. Gulbin Maraɗi, wanda yake ratsa Tsibiri, mazaunin sarakunan Gobir na can, ya dawo Nijeriya ya faɗa Rima a wajen Sabon Birni, yana ratsa jama'a ɗaya mai harshe ɗaya da cima ɗaya, waɗanda Turawan Ingila da na Faransa suka raba da layi a takarda. A shekarar yunwa ta 2005 ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, MSF, ta yi jinyar yara fiye da dubu sittin masu tamowa a Nijar, mafi yawansu a Jihar Maraɗi, da wani abinci na leda da aka haɗa da gyaɗa da madara da mai da sukari, wanda André Briend da Michel Lescanne suka ƙirƙiro a Faransa a 1996. Fa'idarsa ita ce ba ya bukatar dafuwa ko ruwa, uwa tana iya ba ɗanta a gida. A 2006 sai masu binciken ƙungiyar, tare da masana daga Jami'ar Harvard ta Amurka, suka zaɓi ƙauyuka 12 a yankin Maraɗi, suka riƙa ba yaran rabinsu leda ɗaya kullum har wata uku kafin kaka, tun ba su kamu ba. Da aka kwatanta, kamuwa da tamowa mai tsanani ta ragu da fiye da rabi a ƙauyukan da aka ba.

A nan akwai abin lura ga mai tunani. Abin da ya ceci ran yaron nan, watau mai da sukari da aka cusa a ɗan ƙunshi, shi ne ainihin abin da ake gargaɗin babba a kansa. Kuma sanannen abu ne cewa maganin tamowa yakan ɓulla a kasuwa manya su saya su sha don marmari, wanda zalunci ne ga yaron, cuta ce kuma ga mai shan. Saboda haka ba daidai ba ne masu yaƙi da tamowa su zauna a ofishinsu, masu yaƙi da ƙiba su zauna a nasu, kowa yana ba hukuma shawarar da za ta iya rushe ta ɗan'uwansa. Wannan ne ya sa masanan da suka rubuta jerin maƙalu a mujallar Lancet a 2019 suka yi kira da a fifita matakan da suke maganin larurorin biyu a lokaci guda. Geron Chakti, mai yawan sinadarin ƙarin jini, wanda cibiyar ICRISAT da abokan aikinta suka fitar a Nijar a 2018, yana cikin irin wannan, domin yana gyara abin da mutane suka riga suka saba ci maimakon ya kawo musu baƙo.

Daga bincike zuwa doka

Babban matakin da Nijeriya ta ɗauka da sunan rage shan zaƙi shi ne harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba da makamantansa, wanda ya zo cikin Dokar Kuɗi ta 2021 aka fara karɓa a 2022. Asalin dabarar daga bincike ta fito: ƙasar Meziko ta sa irin wannan haraji a 2014, aka ga sayen lemon ya ragu da kimanin kashi 6 cikin ɗari a shekarar farko, talakawa ne kuma suka fi ragewa; Ingila da Afirka ta Kudu suka bi sahu a 2018. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin sai harajin ya ɗaga farashi da kashi 20 cikin ɗari kafin a ga tasirinsa sosai. Namu kuwa naira biyar ne a kan kwalbar rabin lita da ake sayarwa ɗaruruwan naira, tsadar kaya ta riga ta haɗiye shi.

Ko da an ɗaga shi, a ganina ba zai taɓa Kurawa yadda zai taɓa Ikko ba, domin sukarin da mutumin ƙauye yake sha ba daga kwalba yake fitowa ba, daga ƙullin leda ne da teburin mai shayi da kofin koko. Haka nan dokokin da suka wajabta sa sinadarin aidin a gishiri tun 1993, da sa bitamin A a sukari da fulawa da man girki tun 2002, da ƙa'idar da hukumar NAFDAC ta kafa ta taƙaita mugun kitse a mai, dukkansu maslaha ne, amma ikonsu yana ƙarewa a ƙofar masana'anta, ba ya kaiwa ga man da ake awo da ludayi daga jarka marar suna a kasuwar mako. Dokar da aka yanka bisa awon birni, in aka kawo ta ƙauye, sai ta zauna a takarda.

Akwai kuma wani abin da mai tsara haraji daga Abuja ya kamata ya sani game da wannan ƙasa. Mutanen da suke zaune kusa da kufan Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, sun gaji ƙyamar karɓe-karɓe marasa hujja, har littafin Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu ya lissafa jangali da abin da ake tatsa a kasuwanni cikin munanan al'adun sarakunan da. Yau kuma ga 'yan bindiga suna ɗora wa ƙauyuka kuɗin da za su biya kafin su yi noma ko girbi. Wanda zai zo wa irin waɗannan mutane da sabon haraji, ko da na alheri ne, wajibi ne ya nuna musu inda kuɗin yake tafiya, kuma mafi dacewa shi ne a gan shi a ɗakin shan magani na gunduma, a siffar na'urar gwajin hawan jini da ta suga da ma'aikacin da ya iya aiki da su.

Waɗanda ba a gayyata ba

Gayyar masanan nan, duk da girmanta, akwai kujerun da ba a cika ba. Malaman addini suna da hujjoji a hannu tun kafin a san lissafin nauyi da tsawo: Alƙur'ani ya hana israfi a ci da sha, sunna ta karantar da a bar wa ruwa da numfashi rabonsu a ciki, malaman usulu sun sa kiyaye rai cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi talifi a kan ilimin magani. Limamin da zai yi huɗuba ɗaya a kan haƙƙin mai ciki da mai shayarwa a cikin abincin gida zai isar da abin da allon talla ɗari ba zai isar ba. Haka nan mai fura da mai ƙosai da ungozoma da sarkin kasuwa, su ne suka san abin da ake ci da gaske da abin da ake faɗa wa baƙo mai takarda don kunya. Ga shi kuma ƙauyen da hanyarsa ta fi haɗari shi ne mai awo ya fi jinkirin zuwa, ta yadda waɗanda suka fi shan wuya su ne suka fi saurin faɗuwa daga lissafi, sai fa in an horar da 'ya'yan wurin su riƙa yin awon da kansu.

Daga cikin dukkan matakan da masana suka yi ittifaƙi a kansu, wanda ya fi arha, ya kuma fi kusa da hannun matar Kurawa, shi ne kula da kwana dubu na farko, tun daga shigar ciki har yaro ya cika shekara biyu. Awon 2018 ya nuna cewa kashi 29 cikin ɗari ne kacal na jariran Nijeriya da ba su kai wata shida ba ake ba su nonon uwa zalla. A babi na gaba za mu shiga ɗakin mai jego, mu ga abin da ake ba jariri a ranar farko da dalilin da ya sa ake ba shi ruwa, da rawar da kaka da uwar miji suke takawa a wannan hukunci, da kuma yadda ake haɗa kunun yaye daga gero da gyaɗa da wake da ke cikin gida.